Kunnen Kaset ɗin da Na Liƙe

Abubuwa da yawa sun faru da ni a Gure waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in gano su. Amma ranar da na yanki ɗan sikoc, wato salatif, na liƙe kunnen wani kaset, wannan kam tana nan a raina har in koma ga Mahaliccina. Aikin bai kai minti ɗaya ba, ga shi na yi furfura ban gama jin ciwonsa ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Mu uku muka haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa irin ta zamani, wadda babu kalangu babu gurmi, sai kayan lantarki. Ni ne mai fiyano. Iyayena 'yan kasuwa ne daga Damagaram, ina zaman kantin babanmu a kasuwa, kuma yayana ne ya zo mini da fiyanon daga Kano. Na biyunmu mai gyaran rediyo ne, ya girme mu, ba ya son yawan magana. Shi ke da akwatin ganga, wato na'urar da ke buga kiɗa da kanta in an saita ta, shi ke da babbar rediyo mai bakin kaset biyu da muke ɗaukar sauti da ita, shi ke da batirin motar da muke jonawa in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. A shagonsa muke komai. Na ukunmu shi ne mawaƙin, mutumin Kelle, wanda ya zo Gure yana aikin ban ruwa a wani lambu cikin kwari. Siriri ne, mai kunya, in ka gan shi ba za ka ce zai iya ɗaga murya ya kori akuya ba. Amma in ya riƙe makirfo sai ka ga mata sun ajiye tulu.

Su biyun Shef suke ce mini, wato shugaba. Da tsokana suka fara, ni kuwa na karɓa da hannu biyu na ɗora a kai. Ina da kunne, wannan ba yabon kai ba ne, amma ina da taurin kai da ya fi kunnen girma.

Bayan mun sha kiɗan biki da suna, sai muka ce mu ma mu fitar da kaset namu, mai hoto a jiki, a kai Damagaram a buga da yawa. Daga bayan girbi zuwa shigowar zafi muka ɗauki waƙa goma sha ɗaya. Kowace waƙa da kaset ɗinta, domin mukan yi ta maimaitawa har sai ta fita yadda muke so. Kaset mai kyau, wanda ba ya shuu, ba a samunsa a Gure, sai an yi saƙo, don haka muke lallaɓa su. Muna da doka guda a kansu. A ƙeyar kowane kaset akwai wani ɗan guntun roba da mu muke kira kunne. In aka ɓalle shi, rediyo ba za ta yarda a ɗauki wani abu a kan kaset ɗin ba. To, waƙar da aka zaɓa sai a ɓalle mata kunne, ta tsira ke nan. Wadda aka ƙi sai a bar kunnenta, a sake amfani da kaset ɗin.

Kaset na awa ɗaya ba zai ɗauki goma sha ɗaya ba, takwas zai ci da ƙyar. A nan ne shefancina ya tashi. Ni a wurina kaset ba buhu ba ne da za a zuba masa duk abin da aka samu. Dole waƙoƙin su zama 'yan uwa, jini ɗaya: gudun ganga ya yi kusa da juna, muryar fiyano kada ta yi tsalle daga nan zuwa can, inda wannan ta sauka nan mai bi mata za ta ɗauka. Ta farko ta kama mutum tun kafin ya zauna. Ta uku ta fi kowace zafi. Ta ƙarshen fuskar farko kuwa ta bar shi da ƙishi, har ya tashi da kansa ya juya kaset. Na rubuta sunan kowace waƙa a guntun takarda, na baza a tabarma, ina ja ina turawa, ina auna mintuna da agogon hannu. Mai rediyo ya ce ko liman ba ya shan wannan wahala wajen rabon gado. Na ce masa ya yi ta gyaran rediyonsa.

Waƙa goma duk sun zauna da juna lafiya. Guda ɗaya ce ta ƙi.

Yadda aka yi ta kuwa, wata rana da hantsi mun gama aiki ina tattara waya, sai mawaƙin ya ce, "Shef, don Allah riƙe mini murya ɗaya a fiyano, mai kauri, kada ka motsa." Na danna na riƙe. Ya ce wa mai rediyo ya kashe ganga, ya danna maɓallin ɗauka. Ya rufe ido ya fara. Ba waƙar rawa ba ce. Waƙar da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yake yi ce a bakin rijiya a Kelle in yana ja wa shanu ruwa, shi kuma ya ƙara mata nasa baitoci game da uban. Yana kiran shanun, yana ce musu, "Ku sha, jajaye, ku sha, rana ta yi, gida da nisa." Ya ja ta ya ja ta, ta haura minti goma. Yatsana ya sage a kan fiyano. Da ya gama fuskarsa duk ta jiƙe. Na ce a sake ko sau ɗaya don a gyara, ya girgiza kai ya ce ba zai iya ba. Sau ɗayan nan ne kawai.

Kafin zaɓe muna da wani gwaji. Muka shirya mu zuba duka waƙoƙin a kan wani dogon kaset na banza, mu ba wani direba abokinmu da ke jigila tsakanin Gure da Damagaram, ya sa wa fasinjoji, ya dawo ya faɗa mana inda suka motsa da inda suka yi hamma. Bayan kwana uku ya zo shago yana zuba labari. Ta farko, in ji shi, har wata mata ta yi guɗa. Ta huɗu karen mota ya yi ta dukan ƙofa. Na ce, "To ta rijiyar fa?"

Ya ce, "Wannan kam, wallahi mota ta yi tsit. Ko tari babu. Ni kaina sai da na rage gudu. Wani tsoho a baya ya rufe fuska da rawani har ta ƙare."

Na juya na dubi sauran, na ce, "Kun ji ko? Ta kashe mota." Haka na fassara shirun nan, kuma na yarda da fassarata ɗari bisa ɗari. Da na nemi kaset ɗin gwajin, direban ya sosa ƙeya ya ce tsohon nan ya yi ta roƙonsa har ya ba shi, kuma bai san ko wane ne ba, a hanya ya sauka. Na yi masa faɗa sosai, wai zai sa a ji waƙoƙinmu kafin su fito. Abin da ya dame ni ke nan a lokacin.

Zaɓen da ƙwallon dabino muke yi. Kowa da nasa a hannu, ga kwano a tsakiya. A sa waƙa, ba mai magana har ta ƙare, wanda yake so ta shiga ya jefa. Ƙwallo biyu sun isa. Takwas suka wuce, biyu suka faɗi ba wanda ya yi musu kuka. Aka zo ta rijiya. Da ta ƙare mai rediyo ya jefa nasa, ƙwal. Ni na damƙe nawa. Muka zuba wa mawaƙin ido.

Ya ce, "Shef, in yi magana?"

Na ce, "Doka ta hana, amma yi."

Ya ce, "Ka san ni ɗan fari ne. Innata ba ta kama sunana, ba ta zama inda nake zaune, balle ta tsaya ta ji ina waƙa. Tun da aka haife ni ba ta taɓa jin muryata a waƙa ba. Na ce in ta shiga kaset, sai in samu ɗan rediyo in aika mata, ta ji a ɗakinta ita kaɗai, ba kunyar kowa. Waƙar mijinta ce."

Da ina da hankali da nan na jefa ƙwallona. Amma sai na gyara zama na fara lacca. Na ce waƙar tana da kyau, ba wanda ya ce ba ta da shi, amma ba 'yar gidan nan ba ce. Ba ta da ganga. Tsawonta ya ci gurbin waƙa biyu. In aka sa ta a tsakiya ta karya rawa, in aka sa ta a ƙarshe mutane su tashi da baƙin ciki, in aka sa ta a farko ba mai sayen kaset. Na ce, "Aboki, kaset na jama'a ne, ba wasiƙa ba ce." Wannan maganar ita ce ta fi yi mini ɗaci in na tuna, domin na ji daɗin kaina da na faɗe ta.

Ƙwallonsa ɗaya ya isa ya shigar da ita, ba abin da zan iya yi. Ya juya shi a tafin hannu, ya juya, sai ya sa a aljihu. Ya ce, "Mutum ba ya jefa wa kansa." Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kaset ɗin, ya zaro ƙusa a kan teburin mai rediyo, ya ɓalle kunnen a gabanmu. Ya ce, "Na san doka. Amma wannan dai a bar mini ita. Zan je Kelle in taimaka da shayar da dabbobi, rijiya ta yi ƙasa. In na dawo na samu rediyon, sai in kai mata." Ya sa shi a akwatin mai rediyo, inda zafi ba zai taɓa shi ba. Na ce ba komai, ai an bar masa.

Bayan tafiyarsa muka hau jera waƙoƙin a kan uwar kaset, wadda za a kai Damagaram. Fuskar farko ta cika daidai kamar an auna. Ta biyu kuwa ta bar rami na wajen minti biyar, kuma tsakanin waƙa ta shida da ta bakwai akwai wani tsalle da yake sukar kunnena. Na ƙirƙiro wani kiɗa zalla, fiyano da ganga, wanda zai ɗinke wurin. Sai dai babu kaset mai kyau da zan ɗauke shi. Biyun da suka faɗi a zaɓe, ɗaya ita ta zama uwar kaset, ɗaya kuma rediyo ta tauna ta. Direba zai tashi washegari. In aka yi saƙon sabo, mako biyu ne. Ni kuwa mako biyu a lokacin ji nake kamar shekara.

Da safe na buɗe akwatin na ɗauko kaset ɗin rijiya. Mai rediyo yana kan wata rediyo da ƙarfen narka dalma a hannu, bai ɗago ba ya ce, "Ai ya ɓalle kunnen."

Na ce, "Na gani."

"To me za ka yi da shi?"

Na jawo sikoc ɗin da yake liƙe waya da shi, na yanka, na rufe ramin kunnen, na shafe da babban yatsa. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan dabara, in ka rufe ramin rediyo sai ta ɗauka kunnen yana nan.

Ya ajiye ƙarfen. Ya ce, "Shef, amana ce fa."

Na ce, "Haba malam, mai waƙar ai yana nan. Kelle ce, ba Makka ba. In ya dawo na saya masa sabon kaset, na riƙe masa fiyano har yatsana ya karye, ya sake rerawa."

"Ya ce ba zai iya ba."

"Zai iya. Mawaƙa duk haka suke cewa."

Ya ce shi hannunsa ba zai danna ba. Ya saita mini ganga, don na matsa masa, ya fita ya zauna a bakin shago ya juya mini baya. Ni na danna jan maɓallin da kaina. Na buga kiɗan sau ɗaya bai yi mini ba, na ƙara na biyu a bayansa, ya fita tsaf. Na yi murna ƙwarai. Uwar kaset ta tafi Damagaram ba rami ba tsalle.

Kwana tara bayan haka wani mutumin Kelle ya tsaya a ƙofar kantinmu ya tambaya ko ni ne mai fiyano. Ya ce abokinmu ya rasu. Sanƙarau ne, irin wanda ke zuwa da zafi. Ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sandare, kwana uku aka yi. Ina riƙe da mudun sukari lokacin, ban san sanda ya zube ba. Muka je gaisuwa ni da mai rediyo. Duk tsawon hanya, zuwa da dawowa, bai ce mini uffan ba game da kaset, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kaset ya fito da hotonmu mu uku a jiki. Ya karɓu. Ka bi ta tasha ka ji shi, ka bi ta gidan biki ka ji shi. Mutane suna yaba mini yadda waƙoƙin suka bi juna kamar ruwa, wai ba inda za ka ce a wuce. Ni kuwa in na jiyo shi daga nesa sai in canza hanya.

Bayan an yi arba'in, ranar wata kasuwa da azahar, mai rediyo ya aiko a kira ni. Na tarar da wata dattijuwa zaune a tabarma a cikin shagon, 'yar ƙarama, da baƙin mayafi, ƙafafunta duk ƙurar hanya. Ba sai an gaya mini ba, uwar mawaƙin ce, goshinsu ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Ta amsa a hankali. Sannan ta ce, "Abokinku, da ciwo ya yi tsanani, ya ce akwai abin da ya ajiye mini a wurinku. Shi na zo karɓa." Ko a ranar ba ta kama sunansa ba.

Tsoro ya sa na yi abin kunya. Na ɗauko sabon kaset mai hoto na sa mata, wai ko za ta ɗauka shi ne. Ta zauna ta saurara, fuskar farko har ƙarshe, aka juya, ta biyu har ƙarshe. Awa guda cur ba ta motsa ba. Muryar ɗanta na tashi a kan ganga, yana waƙar 'yan mata da ta biki. Da ya ƙare ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. Wannan na mutane ne. Ina nawa?"

Mai rediyo ya buɗe akwati ya ɗauko kaset ɗin ya ajiye a gabana, sikoc ɗin yana nan a ƙeyarsa. Na ce, "Inna, na yi ɓarna." Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ban sani ba ko ta gane zancen kunne da maɓalli, amma ta gane abin da ya kamata. Ta ce, "Sa mini shi haka nan."

Na sa. Kiɗana ya cika shagon, mai tsalle, mai annashuwa, sau ɗaya, sau biyu. Ban taɓa ƙin wani sauti a duniya kamar yadda na ƙi shi a ranar ba. Da na biyun ya ƙare aka ji ƙarar maɓalli, na miƙa hannu zan kashe. Sai ga murya ɗaya mai kauri ta fiyano, sai ga muryar mawaƙin. Ashe kiɗana bai kai tsawon waƙarsa ba, wutsiyarta ta tsira. Layi ɗaya ne da rabi: "...ku sha, rana ta yi, gida da nisa." Ya ja ƙarshen har numfashinsa ya ƙare. Aka ji ya ja hanci. Ya tambaya ko sautin ya ɗauku, ya ce, "Ya shiga?" Sai wata murya ta amsa masa, tawa, garau: "Ya shiga, amma ta yi tsawo."

Ta ce, "Maido." Na maido. Ta sake ji. Ta ce, "Maido." A karo na uku na yi sauri zan kashe kafin muryata ta fito, ta ɗaga hannu ta hana ni. Ta bari har ƙarshe. Sannan ta ce, "Wane ne wannan mai cewa ta yi tsawo?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ba faɗa a muryarta ko kaɗan. Ta ce, "Ubansa tun da sassafe yake fara ta, ba ya bari sai saniyar ƙarshe ta ɗaga kai daga kwamin shan ruwa. Shekara talatin ina jin ta daga gida, ɗana. Ban taɓa jin ta yi tsawo ba."

Mai rediyo ya ɗauki kaset ɗin ya ɓare sikoc ɗin da farce, ya miƙa mata da hannu biyu, ya haɗa mata da wata 'yar rediyo da ya gyara. Ta ƙulle kaset ɗin a bakin zanenta. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Mai hoton kuwa nan ta bar shi a kan tabarma.

Ƙungiyarmu ba ta sake kiɗa ba. Na yi shekaru ina bin tasha ina tambayar direbobi ko sun san wani tsoho da ya taɓa karɓar kaset a hanyar Damagaram, har suka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Ban same shi ba. Na gwada rera waƙar da kaina, amma baitocin sun gudu, domin ranar da ake yin ta ba saurara nake ba, mintuna nake ƙirgawa.

Ba na cewa jera waƙoƙi su dace da juna laifi ne, har gobe in na ji kaset da aka zuba barkatai raina yana ɓaci. Abin da na koya shi ne, in kana daidaita abubuwa sai ɗaya ya ƙi shiga layi, ka tsaya ka tambaya me ya sa kafin ka ture shi, domin wani lokaci shi kaɗai ne mai shi ya sa ransa a ciki. In mutane suka yi shiru, kada ka yi saurin cewa sun gaji. Kuma in wani ya ce maka "a bar mini wannan", ka bar masa, ko da kana ganin gobe ma rana ce. Ni na ɗauka mai waƙar yana nan, sai na bar wa uwarsa layi ɗaya da rabi, da muryata a ƙarshe.